Malam Khamisu Yari: Mun Tsaya Muna Jiran Ka Tashi

Ranar Lahadi, 21 ga Afrilu, 2002, wadda ta yi daidai da 8 ga watan Safar, 1423, Allah ya karɓi ran Malam Khamisu Yari a Agege, yana da shekara sittin da ɗaya a duniya. Daga Allah muka fito, kuma gare shi za mu koma ɗaya bayan ɗaya. An yi masa sutura a ranar, aka sallace shi bayan la'asar, aka kai shi makwancinsa. Ya bar matarsa, Inna Iyatu, da 'ya'ya uku, Ridwanu da Mastura da Hafsa, da jikoki biyar. Ya kuma bar mu, 'yan agajin unguwa mu arba'in da ɗoriya, waɗanda ya tara ya koya wa abin da ake yi idan masifa ta auku kafin likita ko motar kashe gobara su iso.

Ni ne Abdurrahim tela, mai shago a bakin titin jirgi. Ina cikin waɗanda ya koyar, kuma ina kusa da shi lokacin da ya cika, ko da yake har yau ban san a wane minti ne ya cika ba. Yau kwana tara ke nan. 'Yan'uwa suka ce ni zan rubuta ta'aziyya, tunda ni ne nake ɗan taɓa rubutu a cikinmu. Sau uku ina zama ina tashi. Malam, ka yi mini haƙuri, da kai zan yi maganar, don in na juya wajen jama'a sai in rasa ta inda zan kama.

A nan Agege aka haife ka. Mahaifinka falken goro ne daga Bichi, ya zo sayen kaya ya zauna. Ka yi shekara talatin kana aiki a reluwe, a sashen da yake kula da waɗanda suka ji rauni a bakin aiki, har ka yi ritaya. Yarbanci a bakinka kamar Hausa yake, in kana ciniki da matan kasuwa sai sun ɗago kai sun ga hularka kafin su san Bahaushe ne. Lokacin da na zo Ikko daga Funtuwa na san ka ne kawai a matsayin dattijon nan mai tsohon keke da agogon ƙarfe, wanda ba ya wuce bawon ayaba a hanya sai ya sauka ya kawar da shi.

Abin da ya sa ka fara tara mu, kowa a unguwa ya sani. A ƙarshen shekarar 1999, lokacin rikicin kasuwar Mile 12, aka kawo wani ɗan dako Bazamfare ƙofar masallacinmu da sara a cinya. Da rana tsaka ne. Mun fi mutum talatin a kansa. Wani yana yi masa fifita, wani yana kwara masa ruwa, wani ya kawo toka, mafi yawanmu muna salati. Ina cikinsu. Jini yana ta zuba a kan benci, ba wanda ya sa hannu ya danne wurin. Kafin a je a kirawo ka daga Ogba, inda ka je gaisuwa, mutumin ya tafi. Ka zo ka duba raunin, ka dubi rawanin da yake wuyan wani daga cikinmu, wanda ya isa a ɗaure cinyar da shi, ka daɗe kana kallon rawanin nan. Ba ka yi wa kowa faɗa ba. Ka taya mu yi masa wanka, muka binne shi ba tare da mun san sunan garinsu ba.

Bayan mako biyu sai ga ka a shagona. Ka jingine keke, muka gaisa, ka ce, “Tela, ƙyallayen nan da kake zubarwa, ka riƙa tara mini farare.”

Na ce, “Me za ka yi da su, Malam?”

Ka ce, “Bandeji. Kuma ina so ka ɗinka mini mutum.”

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ka zauna ka zana mini shi a bayan kwalin sukari: kai, ƙirji, hannuwa, ƙafafu, a cusa masa tsumma, a sa tsohon tiyub na keke a ƙirjin don ya riƙa lotsawa yana dawowa. Kwana huɗu na yi ina ɗinkinsa, maƙwabta suna leƙowa suna tambaya ko na fara tsibbu. Da na gama ka duba shi sama da ƙasa, ka sa masa tsohuwar hularka, ka ce sunansa Alhaji Tsumma. Na miƙa maka shi, sai ka ce ai mai ɗinki shi zai kai shi fili ranar Lahadi. Haka na shiga cikin 'yan agaji, ban taɓa cewa ina so ba, kai ma ba ka tambaye ni ba.

Mu bakwai ne a ranar farko, a filin da yake bayan makarantar Islamiyya. Akwai Sharif mahauci, akwai Amadou mai shayi, mutumin Maraɗi, sauran 'yan okada ne masu haya da babur, da wani kwandastan danfo, bas ɗin hayar Ikko. Ka fara da raba mu da abin da muka gada. Ka ce kada a sake shafa wa ƙuna manja ko ɗanyen ƙwai, a sa wurin cikin ruwan sanyi a daɗe. Kada a cusa wa mai farfaɗiya cokali a baki. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa. In mota ta buge mutum kada a kama hannu da ƙafa a jefa shi bayan danfo kamar buhun albasa. Sharif ya yi gardama a kan manja, ya ce kakarsa da shi ta warkar da shi. Ka ce, “Nuna mana wurin.” Ya naɗe hannun riga, muka ga tabon ya tattare kamar ganda. Shi kansa ya yi dariya.

Da ka ce mata ma za su koya, wasu dattawa suka taso. Aka kira ka zauren Liman. Ban shiga ba, amma Sharif yana ciki, shi ya ba mu labari. Ya ce ka saurare su har suka gama, sannan ka tambaye su, in risho ya fashe da matar ɗayansu da hantsi, yana kasuwa, wa suke so ya shiga ya cire mata zanen da yake ci da wuta, Sharif mahauci ko maƙwabciyarta? Suka bar maganar. Daga ranar Inna Iyatu ta fara tara mata a tsakar gidanka ranar Asabar, kana zaune a bakin ƙofa kana faɗa, tana nunawa. Daga baya waɗanda mazansu suka yarda suka riƙa zuwa fili, suna tsayawa a nasu gefen. Cikinsu babu kamar Kalsum mai burodi. Ita ce ta ciro ƙwallon agwaluma daga maƙogwaron 'yar maƙwabciyarta bayan yarinyar ta daina kuka, idanunta sun juye.

Sai kuma faɗuwarka. Dole in yi maganarta, ko da yake hannuna ba ya so.

Ka ce mana koyo a kan Alhaji Tsumma yana da iyaka, domin shi ba ya ba mutum tsoro. Masifa kuwa ba ta sallama. Saboda haka ka ɗauki wata al'ada: kana cikin magana, ko kana tafiya, sai kawai ka yanke jiki ka faɗi. Karo na farko a teburin shayin Amadou ka yi. Muka rikice, muka manta duk abin da ka koya mana a wata biyu. Amadou ya ɗauki bokitin wanke kofuna ya juye maka. Ka tashi zaune, ruwa yana ɗiga daga gemunka, ka dubi agogo ka ce, “Minti uku, ba wanda ya duba ko ina numfashi. Da da gaske ne, da kun kashe ni.” Daga nan ka tsara mana: mutum ɗaya ya durƙusa ya kira sunan wanda ya faɗi, ya ɗaga masa haɓa, ya kara kunne a bakinsa ya ƙirga goma. In yana numfashi a juya shi ya kwanta a gefe. Wani ya kori 'yan kallo, wani ya ruga titi neman mota. In babu numfashi, a danna ƙirji sau goma sha biyar, a hura baki sau biyu. Amma ka gargaɗe mu cewa danna ƙirji a kan Alhaji Tsumma kaɗai ake gwada shi, ba a yi wa mai rai, don yana karya haƙarƙari.

A shekara biyu ka faɗi a gabanmu ya fi sau hamsin. A fili, a bakin masallaci, sau ɗaya har a tsakiyar 'yan goro. Mun saba har muna gasa. Mukan gama komai cikin minti ɗaya, mu ja da baya mu yi layi, kai kuma ka ɗan ƙara kwanciya don ka ja mana rai, sannan ka buɗe ido ɗaya ka faɗi kuskuren kowa.

Amfanin wannan wahala mun gan shi ranar 27 ga Janairun bana, da rumbun makamai ya kama da wuta a barikin Ikeja. Da yamma ne, ina guga, na ji ƙara har gilashin shagona ya tsage. Kafin mu san abin da ake ciki titi ya cika da mutane suna gudu daga wajen Ikeja, wasu ba takalmi, wasu da kumfar sabulu a jiki. Wasu suna cewa juyin mulki ne, wasu suna cewa yaƙi ne. Ni ma na rufe shago zan bi su, ban san inda za ni ba. Sai na ji usur ɗinka. Na same ka a tsaye kan wani benci a bakin titin jirgi, kana magana da Hausa kana juyawa da Yarbanci, kana cewa mutane su rage gudu, wutar ba za ta iso nan ba. Ban san yadda ka san haka ba. Daga baya na tambaye ka, ka ce ba ka sani ba, amma ka san turmutsutsu zai riga wutar kashe su.

Ka ce mu bar manya, mu tare yara. Duk yaron da muka gani yana gudu shi kaɗai mu kama hannunsa mu kai shi harabar Islamiyya. Ka aike ni in ɗauko farin ƙyalle da biro da allura, duk wanda aka kawo in tambayi sunansa da unguwarsu in rubuta in maƙala masa a riga. Kafin magariba muna da yara sittin da uku, Yarbawa da Ibo da Hausawa da waɗanda ban san yarensu ba. Kalsum ta juye burodinta duka, Amadou ya kawo tukunyar shayinsa. Washegari da muka ji yawan mutanen da suka faɗa ruwa a Oke-Afa garin gudu, da yawansu yara, sai na shiga bayan aji na zauna a ƙasa.

Kwana huɗu iyaye suna zuwa. Akwai wata yarinya 'yar kamar shekara uku da ta ƙi magana da kowa, a ƙyallenta na rubuta “mai jar riga” kawai. A bayanka ta yi kwanakin nan, Inna Iyatu ta ba ka zane ka goya ta, kana zagaya unguwa da ita, mutane suna dariya. Ranar Laraba da hantsi wata mata Bayarabiya ta shigo, ta riga ta zagaya asibitoci da wuraren ajiye gawa, muryarta ta dushe. Ta ga ƙafar yarinyar tana reto a ƙugunka, ta gane ta tun kafin ta ga fuska. Ta zube a ƙasa ta kama ƙafafunka. Ka rasa yadda za ka yi, kana ta cewa da Yarbanci ta tashi, ta tashi, ka kasa kwance zanen, sai da Kalsum ta zo ta taimake ka.

Bayan wannan mutane suka yi ta zuwa koyo, har daga Abule Egba. Har Kiristoci 'yan Filato da suke gadi a Ogba suka riƙa zuwa in sun taso daga coci.

To, Malam, ga ranar Lahadin.

Mu ashirin da biyu ne a fili. An yi ruwa da asuba, ƙasa da laima. Kana koya mana yadda ake ɗaukar wanda ya karye a baya a kan ƙyauren ƙofa. Ka ce, “Mai riƙe da kai shi ne yake ba da umarni, in ya ce...” Sai ka faɗi.

Sharif ya ce, “To, an fara.” Wasu suka yi dariya. Layi ya zo kaina a ranar, na durƙusa. Na dafa kafaɗarka na ce, “Malam! Malam Khamisu!” Na ɗaga haɓarka, na kara kunnena, na ƙirga goma. Na ɗago na ce da ƙarfi, “Yana numfashi!” Muka juya ka gefe, na gyara maka hannu a ƙarƙashin kunci yadda ka koya mana. Sharif ya kori 'yan kallon da babu su. Wani ɗan okada ya ruga bakin titi ya taɓa sandar lantarki ya dawo, alamar ya samo mota. Muka ja da baya muka yi layi. Har na ji daɗi a raina, don na san ba mu kai minti ɗaya ba.

Muka tsaya muna jiran ka tashi.

Wannan kalmar da na faɗa, ita ce take hana ni sukuni. Na ce kana numfashi. Malam, wallahi ban sani ba ko na ji numfashin. Sau hamsin ina kara kunne ko ina kallon wani yana karawa, sau hamsin kana numfashi. Bakina ya riga kunnena. Wani lokaci in na tuna sai in ji kamar na ji ɗumi a kuncina, wani lokaci sai in ji kamar babu komai sai ƙarar injin niƙa na gidan da yake kusa. Na juya abin a raina har ya dagule, yanzu ban san wanne ne tunawa wanne ne fata ba.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a tsaye ba. Sharif yana cewa minti biyu, wasu suna cewa ya kai biyar. Wani ya ce, “Yau Malam ja mana rai yake yi da gaske.” Kalsum ce ta fito daga layin mata, ta matso tana kallon hannunka. Ta ce, “Agogonsa ya fashe.” Ba mu gane ba. Ta ce, “Malam bai taɓa faɗuwa ta gefen agogo ba. Kullum ɗaga hannun yake yi.” Sai ta yi salati da wata irin murya, ta ce, “Sharif, juya shi!”

Daga nan mun yi komai daidai, Malam, ina so ka san wannan. Sharif ya danna sha biyar, na hura biyu, ya danna, na hura. Da ya gaji wani ya karɓa. Na ji haƙarƙarinka ya yi ƙara a ƙarƙashin hannunsa, ya dube ni yana hawaye, na ce ya ci gaba. Ɗan okadan nan ya sake rugawa titi, wannan karon ya tsaya a gaban danfo har ta taka birki, fasinjoji suka sauka ba gardama da suka ji sunanka. A kan ƙyauren da ka kawo don darasi muka ɗauke ka, ni ne mai riƙe da kai. Ba mu daina dannawa ba a cikin mota, har a cunkoson mahaɗar Pen Cinema, kwandasta yana gudu a gaba yana buɗe hanya.

A asibiti likita ya duba ka bai daɗe ba, ya rufe ka. Ya ce zuciya ce. Na bi shi har baranda na tare shi, na faɗa masa duk abin da ya faru, na ce ya gaya mini gaskiya, da mun fara tun minti na farko fa? Ya cire tabarau ya goge. Ya ce irin wannan bugun, wani ko a kan gadon asibiti ya same shi ba a iya komai, wani kuma ana iyawa. Na ce to na Malam wanne ne? Ya ce ba zai iya sani ba. Na so ya ce mini ko dai laifina ne ko ba laifina ba ne, kowanne ya faɗa zan ɗauka in san abin da nake ɗauke da shi. Bai faɗi ko ɗaya ba.

Jama'ar da ta zo jana'izarka ban taɓa ganin irinta a unguwar nan ba. Sahu ya fita har titi. Mahauta sun rufe rumfuna, 'yan Mile 12 sun zo mota biyu. Waɗanda ba Musulmi ba suka tsaya a gefe har aka idar, suka bi mu a ƙafa. Ni dai ina cikin masu ɗaukar makara, amma ban iya tuna hanyar ba.

Ranar sadakar uku na nemi ganin Inna Iyatu. Na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, Mastura tana gefenta. Na yi mata gaisuwa, sannan na faɗa mata abin da na faɗa a fili, da cewa ban tabbatar ba kafin in faɗa. Na ce in ta ga dama ta yafe mini, in ba ta iya ba, ba zan ga laifinta ba.

Tana jan carbi har na gama. Sannan ta ce, “Abdurrahim, kai ka ba shi ran da za ka riƙe masa shi?”

Na ce, “A'a, Inna.”

Ta ce, “To saurara. Wata guda ke nan ƙirjinsa yana ciwo. In ya hau keke sai ya sauka ya huta kafin ya kai masallaci. Na ce mu je asibiti, ya ce bari a yaye sababbin nan na Abule Egba tukuna. Ya ce kada in gaya wa kowa, har Ridwanu. Ni ma na sani na yi shiru. In laifi ne, ɗana, sai mu raba, kuma nawa ya fi naka.”

Na fito daga gidan na fi shiga rikicewa. Domin sai a lokacin na tuna, makonni uku kafin rasuwarka ka yi mana darasi a kan ciwon zuciya, darasin da ba ya cikin tsarin watan. Ka ce mutum zai ji kamar an ɗora masa huhun goro a ƙirji, ciwon ya gangara hannun hagu, ya hau muƙamuƙi, gumi ya karyo masa ko da sanyi ake yi. Ka kwatanta shi dalla-dalla har na ce a raina, Malam ya iya bayani. Ka ce duk wanda muka ga haka a tare da shi, kada mu saurari gardamarsa, mu sa shi a mota. Kana faɗa kana goge goshi da hula.

Me kake nufi da wannan darasin, Malam? Gaya mana kake yi a fakaice, kana jira ɗayanmu ya lura? Ko kuwa shirya mu kake yi don ranar da ka san tana zuwa? In haka ne, don me ba ka daina faɗuwar wasa ba, ko ka ce mana daga yau in na faɗi ku ɗauka da gaske ne? Kai da ka hana mu sakaci da ran kowa, yaya aka yi ka yi da naka? Ina jin haushinka, sai kuma in ji kunyar jin haushin mamaci. Ina jin haushin kaina, sai in tuna maganar Inna. Na san ajali ba ya jinkiri, na yi imani da haka tun ina yaro, kuma kai ma ka yi imani da shi, amma ka shekara biyu kana koya mana cewa minti ɗaya yana raba rai da mutuwa. Na tambayi Liman yadda zan haɗa biyun nan. Ya ce an umarce mu da yin sababi, sakamako kuwa na Allah ne. Na karɓa. Da rana maganar tana zama mini, in na zauna kan keken ɗinki ni kaɗai sai ta sake kwancewa.

A unguwa kuma an fara magana. Wasu suna cewa ka yi ta kwaikwayon mutuwa har ta amsa kira. Wani dattijo ya tare ni ya ce mu watse, abin ba shi da albarka. Na wuce na bar shi a wurin. Sharif ne da ya ji ya je ya same shi, ya kai masa abokin aikinsa wanda wuƙa ta yanke wa jijiyar hannu a mayanka bara, aka ɗaure aka danne har asibiti. Ya ce, “Baba, ga rashin albarkar nan, yana da 'ya'ya shida.” Ni dai ko wannan ban iya ba.

Lahadin da ta wuce mun taru a fili, mu talatin da ɗaya. Ba wanda ya kira taron, kowa ya zo ne kawai. Muka tsaya cirko-cirko, ba wanda ya iya tsayawa a inda kake tsayawa. Aka yi ta jayayya ko za a ci gaba da faɗuwar gwaji ko a bari, ba mu cimma matsaya ba. Abu ɗaya muka yarda da shi, kuma Kalsum ce ta kawo shi: daga yanzu wanda ya kara kunne ba zai buɗe baki ba sai ya ɗora tafin hannu a ƙirji ya ji yana hawa yana sauka, kuma sai mutum na biyu ya sake dubawa. Suka ce ni zan koya wa sababbin wannan. Na ce su nemi wani. Suka ce babu wanda ya fi ni sanin dalilinsa. Ban ce na yarda ba, ban kuma ce na ƙi ba.

Inna Iyatu, Allah ya ba ki haƙuri, ya saka miki da alheri a kan maganar da kika yi mini alhali ke ce kika fi kowa rashi. Ridwanu, Mastura, Hafsa, da jikoki, da dangi na nan da na Bichi, ina miƙa muku ta'aziyya a madadin 'yan agaji duka, maza da mata. Mahaifinku ya bar muku suna mai kyau a bakin Bahaushe da Bayarabe. Duk wanda Malam ya ɓata wa rai, da faɗa ko da tsoratarwa, ina roƙonsa ya yafe masa. Mu mun yafe.

Ya Allah, ka jiƙan Malam Khamisu. Ka gafarta masa abin da muka sani da abin da ya ɓoye mana. Ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya shi, ka sa duk jinin da aka tsayar da duk yaron da aka mayar wa uwarsa su zama nauyi a mizaninsa. Ka haɗa shi da iyayensa a Aljanna Firdausi, mu kuma ka kyautata namu ƙarshen. Ya Ubangiji, bawanka ya faɗi a gabanmu muka kasa gane halin da yake ciki. Yanzu yana wurinka, kai da babu abin da yake ɓoye maka. Ka karɓe shi da rahama. Amin.